Tarihin Fahimtar Raunukan da Mutum Ke Yi wa Fatarsa da Hannunsa

Daga cikin cututtukan fata akwai wani rukuni wanda ba ƙwayar cuta ce ke haddasa shi ba, ba kuma gado ko ɓacin jini ba, wato raunukan da mutum yake yi wa jikinsa da kansa, ko dai ta hanyar susa da ƙarta da tsigar gashi, ko ta yanka da ƙuna, ko ta shafa wani abu mai cin fata. Likitocin wannan zamani suna ɗaukar irin waɗannan raunuka a matsayin alamar da ta fito fili ta wata damuwa da ke ɓoye a zuci, amma wannan fahimta ba ta daɗe da kafuwa ba, domin kusan shekara dubu biyu tambayar da likita yake yi idan ya ga irin wannan miki ita ce ko mai shi gaskiya yake faɗa ko ƙarya yake yi. Ilimin likitanci ya ƙware wajen gane hannun da ya yi rauni tun da daɗewa kafin ya koyi tambayar abin da ya tura hannun, kuma dalilin wannan jinkiri yana tattare da mutanen da suka saba kai majinyacin gaban likita, waɗanda su ne ubangidan bawa da hafsan soja da kamfanin inshora, alhali kowannensu buƙatarsa a tona asiri ce kawai.

Jalinus, shahararren likitan nan Bagirke wanda ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 na Miladiyya, kuma wanda littattafansa suka zama ginshiƙin likitancin Larabawa bayan an fassara su a Bagadaza, ya bar wata gajeriyar maƙala a kan yadda ake gane masu ƙaryar ciwo. A cikinta ya kawo labarin wani bawa da aka shirya zai raka ubangidansa tafiya mai nisa, sai gwiwarsa ta kumbura ta yi jawur, amma da Jalinus ya duba sai ya gane cewa kumburin na wani tsiro ne mai ƙona fata da bawan ya shafa, kuma bincike ya nuna cewa wata mace yake so a garin, ba ya son rabuwa da ita. Abin lura a nan shi ne tun a wannan labari na farko sanadin raunin lamarin zuciya ne, mutum ne da ba shi da ikon cewa ba zai tafi ba sai ya sa jikinsa ya faɗa a madadinsa, amma abin da marubucin ya ga ya cancanci a koya wa ɗalibai shi ne dabarar kama shi.

Adabin Larabci ya adana wani ɓangare na wannan tarihi ta fuskar mabarata. Al-Jahiz, malamin Basra da ya rasu wajen shekarar 868, ya lissafa nau'o'in mabarata masu dabara a cikin Kitabul Bukhala'i, daga ciki har da wanda yake ɗaure ƙafarsa ko damtsensa tamau ya kwana da ɗaurin har wurin ya kumbura, sannan ya shafa abubuwan da za su sa duk wanda ya gani ya ɗauka gyambo ne mai cin nama. A ƙarni na 13 al-Jaubari na Dimashƙa ya rubuta littafi sukutum a kan asiran 'yan damfara da masu bara, a Turai kuma likitan fiɗa na sarakunan Faransa, Ambroise Paré, ya ba da labaran mabaratan da ya tona wa asiri a wani littafinsa na 1573, har ma akwai wani tsiro mai yaɗo da Faransawa suka laƙaba wa sunan ciyawar mabarata saboda da ruwansa ake tayar da miki. Duk waɗannan mutane ribarsu a fili take, kuma talauci ne ya koya musu sana'ar. Gaskiya ne cewa a wancan zamani akwai masanan da suka san alaƙar jiki da rai, irin su Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, wanda ya rubuta cewa tsoro da baƙin ciki da waswasi cututtuka ne masu buƙatar magani kamar yadda zazzaɓi yake buƙata, sai dai rubuce-rubucen da suka shafi raunin da aka ƙaga sun ci gaba da bin hanyar fallasa, kuma wannan ne gadon da likitocin baya suka tarar.

Rundunonin soja ne suka mayar da lamarin wani fanni na ilimi mai tsari. Kafin 1847 yawancin waɗanda suka shiga sojan Birtaniya sun shiga ne na tsawon rayuwa, horon bulala kuwa abu ne na yau da kullum, saboda haka miki a ƙwauri wanda ya ƙi warkewa yana daga cikin 'yan ƙofofin da mutum zai bi ya koma gida. Likitocin soja da na jiragen ruwa suka ƙirƙiro dabarar kulle ƙafar majinyaci cikin akwatin katako ta yadda hannunsa ba zai kai gare ta ba, idan mikin ya warke a cikin akwatin to an sami hujja a kansa, kuma wannan dabara ita ce kakar naɗin bandeji mai rufe wuri ruf da likitocin fata suke gwaji da shi har yau. A 1843 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Hector Gavin ya wallafa littafi a kan cututtukan ƙarya a tsakanin sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa, inda ya bambanta ciwon da ake faɗa da baki alhali babu shi da ciwon da yake nan a jiki amma mai shi ne ya jawo shi. Muhimmancin littafin ya wuce wannan rarrabewa, domin a cikin jerin dalilan da ya kawo Gavin ya amince cewa akwai mutanen da ba sa neman sallama ko kuɗi ko hutu, abin da suke nema kawai shi ne a tausaya musu ko a kula da su, wasu kuma babu wani dalili da za a iya kamawa. Ya hango matsalar, amma manufar littafinsa gane masu ƙaryar ciwo ce, don haka bai bi sawunta ba.

Da Jamus ta kafa inshorar haɗarin ma'aikata a 1884, Birtaniya kuma ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikata a 1897, sai zargin ya sami sabon gida a masana'antu. A 1901 Henri Secrétan, likitan inshora a Suwizalan, ya bayyana wani kumburi mai tauri a bayan hannun ma'aikata wanda yake daɗewa bayan ƙaramin rauni, kuma daga baya aka gane cewa a lokuta da dama mai hannun ne ke sabunta shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai abin maƙura, inda kotunan sojan Birtaniya suka hukunta mutane fiye da 3,800 bisa laifin raunata kansu, a rundunar Faransa kuwa an harbe wasu a farkon yaƙin a kan wannan tuhuma bisa shaidar likita kaɗai, har daga baya aka wanke wasunsu bayan sun riga sun mutu.

A daidai lokacin da wannan ke gudana, likitancin fata yana tsayawa da ƙafarsa a matsayin fanni mai zaman kansa a Landan da Paris da Biyana, kuma likitocinsa sun fara ganin wasu majinyata da ba su dace da siffar mabaraci ko sojan da ya gaji ba. A 1875 Erasmus Wilson na Landan ya bayyana mutanen da suke ƙartar fatarsu har ta yi miki, waɗanda ba sa musun cewa su ne suke yi, kukansu kawai shi ne sun kasa dainawa. A 1889 François Henri Hallopeau na Paris ya ba da bayanin wani saurayi da yake tsige gashin jikinsa, ya kuma raɗa wa lalurar sunan da ake amfani da shi har yanzu, wato tirikotilomaniya, sannan a 1898 Louis Brocq ya rubuta a kan 'yan matan da suke matsa da tsinke ƙurajen fuska marasa yawa har su bar tabon da ya fi ƙurajen muni nesa ba kusa ba. Waɗannan mutane ba su da abin da za su samu, hasali ma kunya ce take hana su fita cikin jama'a, saboda haka kalmar ƙarya ba ta da wurin zama a kansu.

Bayanin da zamanin ya tanada shi ne histeriya, wato lalurar da ake jingina wa jijiyoyi wadda take bayyana da shanyewar gaɓa ko suma ko rashin jin taɓi ba tare da an ga wata illa a jiki ba, kuma wadda Jean-Martin Charcot ya yi suna da nazarinta a asibitin Salpêtrière. Almajiransa da dama sun yarda cewa jijiyoyi su kaɗai suna iya tayar da bororo da kumburi har ma da ruɓewar fata ba tare da hannu ya taɓa ba. Muhawarar ta shiga har fagen addini ta dalilin Louise Lateau, wata budurwa 'yar ƙauye a Beljiyam wadda tun daga 1868 jini yake fita daga tafin hannuwanta da ƙafafunta kowace Juma'a, a wuraren da Kiristoci suka yi imani an raunata Annabi Isa, kuma likitan da majalisar likitocin ƙasar ta ɗora wa bincike ya rufe hannunta cikin wani ƙoƙon gilashi, a ƙarshe ya yanke cewa ba yaudara ba ce, ciwon jijiya ne. Joseph Babinski, wanda shi ma almajirin Charcot ne, shi ya rushe wannan gini a farkon ƙarni na 20, inda ya dage cewa ruɓewar fata da ake jingina wa histeriya aikin hannu ce a ɓoye. Ta fuskar abin da ke faruwa a jiki yana da gaskiya a mafi yawan lokuta, amma gaskiyar tasa ta zo da asara, domin matan da a da ake yi musu kallon marasa lafiya sun koma ana yi musu kallon maƙaryata.

Majinyacin da ya tilasta wa likitoci sake tunani namiji ne ɗan kimanin shekara 30, wanda Farfesa Georges Dieulafoy ya gabatar da labarinsa ga majalisar likitocin Faransa a 1908. Mutumin ya shafe fiye da shekara biyu miki yana fito masa a hannun hagu, wani na warkewa wani na ɓullowa, ya zaga wurin likitoci da yawa kowanne da sunan da ya ba ciwon, aka yi masa fiɗa a jijiyoyi ba a dace ba, har ta kai ga an yanke hannun da yardarsa. Ba a jima ba mikin ya koma hannun dama. Da Dieulafoy ya lura da siffar raunukan, wadda ta yi kama da ƙunar sinadari mai cin fata, ya kuma zauna da shi, sai mutumin ya amsa cewa shi ne yake yi, ya bayyana cewa wani abu ne yake tursasa shi wanda ba shi da ikon bijire masa, kamar yadda wanda ya kamu da shan ƙwaya ba ya iya bari. Babu fansho a gabansa, babu yaƙin da yake gudu, kuma babu mai hankalin da zai sayar da hannunsa a kan ɗan tausayin ma'aikatan jinya, don haka ma'aunin riba da asara wanda aka yi ƙarnuka ana auna irin waɗannan mutane da shi ya kasa aiki. Dieulafoy ya ware lalurar daga damfara ya kuma ware ta daga histeriya, ya kira ta fatomimi, wato kwaikwayon cuta, sunan da abokinsa marubuci Paul Bourget ya ba shi shawara a kai. Ya kamata kuma a lura da abin da labarin ya nuna game da likitocin kansu, domin babbar illar da ta sami mutumin, wato rasa hannu, wuƙar likita ce ta yi ta, kuma har yau ɗaya daga cikin manyan haɗurran da irin waɗannan majinyata suke fuskanta shi ne fiɗa da magunguna masu ƙarfi da ake ɗura musu saboda ciwon da ba a gane ba.

Masu nazarin zuciya na makarantar Freud sun karɓi tambayar dalili da hannu biyu. Karl Menninger na Amurka, a littafinsa na 1938, ya fassara raunata kai a matsayin sulhu da mutum yake yi da sha'awar halaka kansa, wato ya sadaukar da wani yanki na jiki domin sauran ya tsira, kuma ko da yake yawancin masana na yau ba su karɓi tushen wannan ra'ayi ba, sun riƙe abin da ya hango, cewa raunin yakan zama hanyar jure rayuwa ce ga mai yin sa. A Faransa Didier Anzieu ya gina nazarinsa na 1985 a kan cewa jariri yana fara sanin iyakar kansa ne ta fata, ta hanyar goyo da runguma da wanka, saboda haka wanda aka cutar ko aka yi watsi da shi yana ƙarami yakan koma ga fatar idan zuciya ta dagule. Ilimin halittar tayi ya ba wannan ra'ayi wani tallafi, tunda fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi daga shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyin halitta suke tsirowa a makonnin farko na ciki, ko da yake wannan kusanci na asali ba ya isa ya zama hujjar kowane bayani da aka ɗora masa. Tsohon zargin dai bai mutu ba, domin a 1951 Richard Asher ya bayyana majinyatan da suke yawo daga asibiti zuwa asibiti da labaran ƙarya, ya sa musu sunan Baron Munchausen, wani basaraken Jamus da ya shahara da tatsuniyoyin cika baki, kuma sunan ya bazu saboda yana ba da dariya, har asibitoci suka riƙa ajiye jerin sunayen waɗanda za a kora daga bakin ƙofa. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da da yawansu suka ƙare da nakasa ko mutuwa.

A tsakiyar ƙarni na 20 likitocin fata sun kammala tattara alamomin da ake gane raunin da aka ƙaga a ɓoye. Yakan zo da siffar da cuta ba ta yi, mai kusurwa ko miƙaƙƙen layi ko sawun ɗigon ruwa da ya gangaro, da iyaka tsaf tsakaninsa da lafiyayyar fata, a wurin da hannu yake kaiwa, galibi a ɓangaren jikin da ba na hannun da mutum ya fi amfani da shi ba, kuma idan aka tambayi yadda ya faro sai a tarar labarin ba shi da farko, majinyacin yana cewa ya wayi gari ne kawai ya gan shi cikakke. Abin da aka fi jinkirin koya shi ne abin da za a yi bayan an gane. Ian Sneddon da Joan Sneddon na Sheffield sun bi diddigin majinyata 43, mafi yawansu mata, suka wallafa sakamakon a 1975, inda suka tarar cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu suna nan cikin lalurar ko wata lalurar ƙwaƙwalwa fiye da shekara 12 bayan farawa, waɗanda suka warke kuwa sauyin yanayin rayuwa ne ya fi taimakonsu. Ƙwarewar likitoci ta kuma nuna cewa tsare majinyaci da hujja a gaban jama'a ba ya haifar da komai sai ya ɓace ya koma wani asibitin, wani lokaci raunukan su ƙaru. Akwai ma waɗanda musunsu ba ƙarya ba ne, domin suna yin abin ne cikin wani yanayi na rabuwar hankali da jiki, wanda aka fi gani ga waɗanda aka ci zarafinsu a yarinta, ta yadda ba sa tuna abin da hannunsu ya aikata. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen kuma, tunda akwai gyambon da garkuwar jiki ke haddasawa da kumburin jijiyoyin jini waɗanda aka sha ɗora wa majinyata laifinsu, kuma kuturta ta koyar da darasi makamancin wannan lokacin da Paul Brand ya nuna a Vellore ta Indiya cewa yawancin asarar yatsu tana zuwa ne daga ƙuna da raunukan da mai cutar yake samu bai ji ba saboda jijiyoyinsa sun mutu.

Wani reshe na daban shi ne na mutanen da suka yi imani ƙwari ko tsutsotsi suna yawo a ƙarƙashin fatarsu, suna tona ta da farce ko allura domin su fitar da su, sannan su zo wa likita da ɓarɓashin fata da zare a cikin kwalin ashana a matsayin shaida. Georges Thibierge ya bayyana su a 1894, likitan jijiyoyi ɗan Suwidin Karl-Axel Ekbom kuma ya yi cikakken bayani a 1938, shi ya sa ake kiran lalurar da sunansa. Waɗannan ba sa ɓoye komai, ruɗu ne mai kafewa wanda hujja ba ta kawar da shi, kuma sai a 1975 aka ba da rahoton cewa maganin taɓin hankali mai suna pimozide yana sauƙaƙa shi. Hodar iblis da ƙwayoyi masu hana barci suna tayar da irin wannan ji na tafiyar ƙwari. A Amurka lalurar ta sake ɓullowa bayan 2002 da sunan Morgellons, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta binciki mutum 115 ta fitar da rahoto a 2012 cewa ba ta sami wata ƙwayar cuta ba, zaren da ake gani kuwa yawancinsa auduga ce. A Afirka ta Yamma wannan reshe yana buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin kukan cewa wani abu kamar kiyashi yana yawo a kai ko a jiki sanannen salo ne da damuwa da fargaba suke bayyana da shi, kamar yadda Raymond Prince ya lura a tsakanin ɗaliban Nijeriya a 1960, sannan kuma yanki ne da tsutsa ta gaske take fita daga fata, tunda sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, ga ƙazuwa da ƙaiƙayin cutar makantar kogi da wanda maganin kulorokwin yake jawo wa baƙar fata. Likitan da ya yi gaggawar cewa ruɗu ne kafin ya duba waɗannan ya zalunci majinyacinsa.

Kundin rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka ya shigar da ciwon da ake ƙagawa ba don riba ba a bugunsa na 1980, ya ƙara tsigar gashi a 1987, sannan a 2013 ya ba ƙartar fata matsayin lalura mai zaman kanta a cikin dangin cututtukan waswasi da tilascin maimaita aiki, kuma kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya bi wannan hanya. Da haka aka tabbatar a rubuce cewa alama ɗaya tana iya ɓoye abubuwa mabambanta, domin mai neman diyya ba mara lafiya ba ne, mai ɓoye hannunsa don ya zauna a matsayin majinyaci mara lafiya ne, haka ma mai ƙartar da ya kasa bari da mai farautar ƙwarin da babu su, kuma maganin kowannensu daban. Akwai kuma matasan da suke yanka ko ƙona kansu ba da nufin mutuwa ba, waɗanda suka fi kowane rukuni yawa, kuma abin da suka fi faɗa shi ne zafin jiki yana kwantar musu da wani ƙunci da ya fi ƙarfinsu na ɗan lokaci, ko kuma yana dawo musu da ji a lokacin da suka ji kamar sun bushe a ciki. Sauƙin ba ya daɗewa, kunya takan biyo baya, kuma bincike ya tabbatar cewa haɗarin kashe kai a gaba ya fi yawa a tsakaninsu, saboda haka kuskure ne babba a ce neman a kula da su kawai suke yi a kawar da kai. Magungunan da suka fi tasiri na koyarwa ne, irin dabarar da Nathan Azrin da Gregory Nunn suka fitar a 1973, wadda ake koya wa mutum ya gane lokacin da hannunsa zai tashi ya ba shi wani aikin, da kuma tsarin Marsha Linehan na koyon jure tashin zuciya ba tare da an taɓa jiki ba.

Wani masani mai suna Armando Favazza, a littafinsa na 1987, ya ja layi tsakanin wannan lalura da yanke-yanken jiki da al'ada ta amince da su, kuma layin yana da amfani ga ƙasar Hausa, inda tsagar gado da ƙaho da sakiya da sauran ayyukan wanzamai suke barin tabo a jiki. Waɗannan ana yin su ne a fili, da hannun mai sana'a, a lokacin da jama'a suka sani kuma da ma'anar da kowa ya fahimta, ko da kuwa likitancin zamani yana da ja a kan wasunsu ta fuskar tsabta, alhali raunin lalura a kaɗaice ake yin sa kuma a ɓoye. A wannan yanki mai kai majinyaci gaban likita galibi uwa ce ko miji ko wani babba a gida, kuma sau da yawa an riga an bi ta wurin malamai da masu maganin gargajiya an ce jifa ne ko shafar aljanu. Irin wannan bayani yana da wani alheri da bai kamata a raina ba, domin yana rufa wa yarinya asiri ya ɗauke mata laifi, amma yana jinkirta tambayar abin da ke damunta a gidan, ko auren da ba ta so ne, ko duka, ko cin zarafin da ba ta da bakin faɗa. Likitan da ya juya ga dangi ya ce ita ce take yi wa kanta, ya tsaya a nan, ya ɗauke mata wancan rufin asiri bai ba ta komai a madadinsa ba.

Hanyar da ƙwararru suka tsaya a kanta a yau, bayan kafa ƙungiyar Turai ta haɗin gwiwar likitocin fata da na ƙwaƙwalwa a 1993 da buɗe ɗakunan duba majinyata na haɗaka, ita ce likitan fata ya riƙe majinyacin kada ya kore shi, ya wanke mikin ya naɗe, ya sa masa ranakun dawowa a kai a kai ko da babu sabon rauni, ya guji fiɗa da gwaje-gwajen da ba dole ba, kuma ya buɗe zancen damuwa ta hanyar tambayar yadda ciwon ya shafi barci da zaman gida, ba tare da ya nemi a amsa laifi ba. Idan aminci ya samu sai a shigo da likitan ƙwaƙwalwa, a nemi baƙin ciki mai tsanani ko fargaba ko shaye-shaye a yi maganinsu. A Arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sai dai likitocin fata da na ƙwaƙwalwa duka 'yan kaɗan ne kuma a manyan birane suke, don haka mafi yawan irin waɗannan raunuka ma'aikacin jinya ne a ƙaramin asibiti ko mai kemis yake fara ganinsu, kuma su ne suka fi buƙatar a koya musu siffar raunin da irin tambayar da za su yi wa mai shi bayan sun sallami dangi zuwa waje.